Ƙaramin gidan namun daji a Sakkwato: zai kare wani abu, ko kurkuku ne kawai?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi a Wamakko. Ya ce shi da 'yan ƙungiyarsu sun sami fili a bayan gari, wani dattijo ne ya ba su aro, suna son buɗe ƙaramin gidan namun daji inda yara za su riƙa zuwa kallo, musamman da Sallah. Har wani dillali ya yi musu tayin ɗan zaki da 'ya'yan kura biyu. Sai dai malaminsa ya ce masa gidan zu kurkukun dabbobi ne kawai, ba ya kare komai. Yana son ya sani ko ƙaramin gida irin wannan zai iya taimakawa wajen kare namun daji, da kuma ko mutanen da ke kewaye za su ga amfaninsa.

Ƙanena, Allah ya yi wa wannan niyya albarka. Likitancin dabbobi ne aikina, kuma na daɗe ina duba namun dajin da ake tsarewa, don haka zan gaya maka abin da na sani ba ɓoye-ɓoye.

Malaminka bai yi ƙarya ba. Da yawa daga wuraren da ake kira gidan namun daji ba su kare komai, wasu ma su ne kasuwar masu tarko. Amma ba dole ne naku ya zama haka ba. Ƙaramin gida yana iya yin aikin da babba ba ya kaiwa gare shi, in har kun yarda tun yanzu cewa ba yawan kejin da kuka cika za a duba ba. Abin da za a duba shi ne bayan shekara goma, dabbobin da ke wajen katangarku, a fadamar Rima da gonakin Kware da bishiyoyin cikin gari, sun ƙaru saboda ku ko sun ragu saboda ku.

Tayin da aka yi muku, ku mayar da shi. Kafin ɗan dabba ya iso hannun dillali akwai abin da ya faru a daji wanda ba a gaya wa mai saye. Jan biri ba ta sakin ɗanta, harbe ta ake yi a ɓamɓare shi daga jikinta. 'Ya'yan kura tono su ake yi daga rami. Barewa da karnuka ake bin ta ko da babur, kuma cikin waɗanda aka kama kaɗan ne ke isa kasuwa da rai, sauran ƙishirwa da firgici ke kashe su a hanya. Mutane da yawa tausayi ne ke sa su saye, su ce bari in raba shi da wahala. Niyyar tana da kyau, amma kuɗin da aka miƙa saƙo ne ga mai tarko cewa kasuwa tana ci, gobe da asuba zai koma. Ga kuma doka. Tun 1963 tsohuwar Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji. A 1985 gwamnatin tarayya ta kafa dokar da ta hana kamawa da fataucin dabbobin da ke dab da ƙarewa, aka yi mata gyara a 2016 aka tsananta hukuncin. Ƙungiyar matasa da ta sayi zaki a hannun dillali ba takarda ta jefa kanta cikin abin da ba za ta iya fita ba.

To daga ina za ku samu dabbobi? Daga gidajen da suka gaji da abin da suke tsarewa suka miƙa shi kyauta. Daga abin da ma'aikatan gandun daji da kwastan suka ƙwace ba su da inda za su ajiye. Daga wanda mota ta buge ko tarko ya karya masa ƙafa. Daga musaya da gidajen namun daji masu rajista, da takarda. Ku rubuta a ƙofa cewa ba ku sayen dabba ko ta sisin kwabo, kuma ku tsaya a kan haka ko da an kawo muku abin da ranku ke so. Wallahi za ku sha mamakin yadda wurin zai cika.

Zaki kuwa, ko kyauta aka ba ku da takarda, ban ba ku shawarar karɓa ba. Babban zaki yana cin nama kilo 5 zuwa 7 a rana, wato kusan tan 2 a shekara, kuma a tsare yana iya kai shekara 20. Je ka mahauta ka tambayi kuɗin kilo ɗaya ka yi lissafi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ke faruwa kullum shi ne shekarar farko ana ciyar da shi da kyau, ta biyu a koma mushen jaki da kajin da suka mutu a gona, ta uku haƙarƙarinsa ya fito ana ƙirgawa. Ɗan zakin da aka raina da tsoka zalla ba ƙashi ba hanta, ƙasusuwansa lanƙwashewa suke yi, ya tashi yana jan ƙugu. Sannan ga ginin da yake bukata: ƙofa biyu, ɗakin kulle shi kafin mai shara ya shiga, da wanda ya iya harbin allurar barci in ya kuɓuce. Duk wannan wahalar kuma ba ta ƙara wa zakin daji komai. Zakunan Afirka ta Yamma da suka rage ba su wuce kimanin 400 ba bisa ƙidayar da aka wallafa a 2014, mafi yawansu a dazuzzukan da suka haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, a Najeriya kuma ɗan abin da ya saura a lokacin yana Kainji da Yankari. Daji suke bukata da masu gadin daji. Zakin da ba a san uwarsa da ubansa ba, a cikin keji a Wamakko, ba ya cikin wannan lissafin.

Kada ka ɗauka ina cewa tsare dabba ba ya taɓa ceton ta. Ka tambayi tsofaffi labarin mariri, farin naman dajin nan mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa baya, wanda a da yake yawo garke-garke a sahel. Farauta da mota da bindiga, da farin shekarun 1970 da 1980, suka gama da shi, har a shekarar 2000 aka ayyana cewa babu shi a daji ko'ina a duniya. Abin da ya rage sai waɗanda ke gidajen namun daji da garkunan masu kiwo a wasu ƙasashe. Daga cikinsu aka tara garke a Abu Dabi, aka fara mayar da su ƙasar Cadi a 2016, suka hayayyafa, a ƙarshen 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ɓace daga daji. Da ba a tsare su ba da yanzu sai a hoto. Amma wannan aiki ya ci kuɗin gwamnatoci, da jiragen sama, da rubutaccen tarihin zuriyar kowace dabba na shekaru masu yawa. Naku rabon a aikin daban ne, kuma yana nan kusa da ku.

Da ni ne, da kunkuru zan fara. Ina nufin babban kunkurun nan namu na sahel mai launin rairayi, wanda namijinsa kan haura kilo 50, na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya. Saboda ana ganinsa a tsakar gidaje mutane suna zaton yana da yawa, alhali a daji ya kusa ƙarewa, kuma yana cikin jerin dabbobin da ke cikin haɗari na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya. Kiwo ya cinye ciyawarsa, gobarar daji ta ƙone ƙananansa, masu kamawa sun kwashe manya zuwa gidaje da ƙasashen waje.

Ka lura da wanda ake ajiyewa a gida. Sau da yawa za ka tarar an huda gefen ƙoƙon bayansa an ɗaura igiya, ba a san ƙoƙon nan ƙashi ne mai jini da jijiya ba, yana jin zafin hudar. Bayan da ya kamata ya zama sumul ya yi tudu-tudu, saboda shekara da shekaru ragowar tuwo da shinkafa da wake yake ci. Yana kwance a kan siminti a gindin randa, idanunsa sun faɗa, yara suna hawansa. Wannan dabba ciyawa ce abincinta, busasshiya ma ta fi, da harawa da ɗan ganyen rama ko kabewa. Abinci mai yawan furotin irin wake yana lalata mata ƙoda, ya tara mata tsakuwa a mafitsara. Kuma halittarta ta tona rami ce mai tsawon mita da yawa, ta shige can ƙasa inda akwai sanyi da laima ta wuce zafin bazara. In ka sa ta a fili mai rairayi, kafin mako ya zagayo za ka ga ƙasa tana tashi ta bayanta, ta fara aikin da aka hana ta tun tana ƙarama.

Gidaje nawa ne a Sakkwato ke da irin wannan, mai gidan ya rasu, magada ba su san yadda za su yi da shi ba? Ku zama wurin da ake kai su. Ba sa cizo, ba sa bukatar nama, abincinsu yana wurin kowane manomi. Mace tana yin ƙwai 15 zuwa 30 a zubi ɗaya. A Sanagal akwai wani ƙaramin wuri a ƙauyen Noflaye da ya ɗauki wannan aikin kaɗai, yana karɓar kunkuru daga gidaje yana kiwonsu, har aka mayar da wasu dajin Ferlo. Ba zaki ba giwa, amma duk mai aikin kare kunkuru ya san da shi. Abu biyu za ku kiyaye. Katangar ta nutsa cikin ƙasa sosai, in ba haka ba za su tona su fita, kuma a raba manyan maza domin suna kifar da juna, wanda aka kifar a rana tsaka kuwa mutuwa yake yi. Sai batun filin: kunkuru yana haura shekara 70, don haka aron baki ba zai wadatar ba. Ku je da dattijon nan da 'ya'yansa gaban uban ƙasa a rubuta, ko wakafi ko haya ta dogon lokaci.

Barewa mai jan goshi ita ma tamu ce kuma tana raguwa, amma kiwonta yana da wuya. Firgici kaɗai yana kashe ta: in aka bi ta da gudu aka kama, naman jikinta yana lalacewa, bayan kwana biyu a wayi gari ta mutu. Tana son fili mai faɗi, shinge marar kusurwa da aka rufe da zana don kada ta faɗa masa da gudu, kuma nesa da awaki, domin cutar PPR mai sa akuya zawo da majina tana kama ta. Jimina mai jan wuya ta kusa ƙarewa a dazuzzukan Afirka ta Yamma, a Kelle ta Jamhuriyar Nijar ake ƙoƙarin kiwonta don a mayar. Gauraka, tsuntsun da ake cewa shi ne na ƙasa a Najeriya, yau wuya ne ka gan shi a fadama, sai a gidajen manya an yanke masa fiffike yana zagaya mota. In aka miƙa muku irin waɗannan ku karɓa in kuna da wuri. Ku haɗa gauraki biyu-biyu a gefen ruwa mai ciyawa inda ba hayaniya, ko Allah zai sa su yi sheƙa.

Amma aikin da na fi so in ga kun ɗauka ba a cikin keji yake ba. Ungulu.

Duk wanda ya girma a garin nan ya san yadda mayanka take a da. Tun hantsi suna jere a kan katanga da rufin rumfuna, ana feɗe raƙumi suna tsalle-tsalle a bayan mahauta, yaro ya kore su su matsa taku uku su dawo. Je ka yanzu ka tsaya ka ƙirga. Za ka ga shirwa, ka ga hankaka da balbela da karnuka, amma ungulu sai ka yi sa'a. A 2015 aka saka ungulun nan tamu ta cikin gari a matakin ƙarshe kafin ɓacewa. A Najeriya babban abin da ke cinye ta shi ne kasuwar magani da tsibbu: kai, ƙafa, gashi, ƙwai, har ƙasar sheƙarta ana saye, kuma da ta yi wuya a nan sai fatake suka riƙa shigo da ita daga Nijar da Cadi da sauran maƙwabta. Na biyu guba. Makiyayi ya rasa tunkiya, ya barbaɗa wa mushen maganin ƙwari don ya kashe dila ko kura, ungulu ta riga su sauka, a mutu gaba ɗaya a wuri guda. Na uku sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai, giginya da kuka da tsamiya da maɗaci. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, saboda haka duk wadda aka kashe ba ta da saurin mayewa.

Me ya dame mu da tsuntsun da ake ƙyama? Cikinta yana narkar da ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, har da na ciwon saifa, kuma tana share gawa kafin ƙuda da karnuka su yaɗa abin da ke ciki. Indiya ta ga abin da ke biyo bayan rashinta. A shekarun 1990 ungulayensu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, daga baya aka gano maganin diclofenac da ake yi wa shanu allura ne ke kashe musu ƙoda in sun ci mushen. Karnukan da ba su da masu su suka cika bola, ciwon haukan kare ya samu hanya. A 2006 aka hana amfani da maganin ga dabbobi a can. Mu ma abokan aikina da masu shagon maganin dabbobi ya kamata mu riƙa zaɓar meloxicam, wanda yake aiki iri ɗaya kuma ba ya cutar da ungulu.

Babu abin da zai hana ƙungiyarku zama gidan ungulu a Sakkwato ba tare da kun kulle ko ɗaya ba. Ku je wurin Sarkin Fawa da girmamawa, domin mahauta sun fi kowa sanin lokacin da ta fara ɓacewa da wanda ke zuwa kama ta. Ku sa yara biyu su riƙa ƙirga a mayanka da kasuwannin dabbobi irin na Acida da Illela, rana ɗaya a mako, lokaci ɗaya, su rubuta. Ku nemo itatuwan da ake sheƙa a kai, ku roƙi mai gonar ya bar su, ku riƙa yi masa ɗan alheri duk shekarar da ɗan ya tashi. Ku zauna da shugabannin masu maganin gargajiya, ba da zagi ba, domin a cikinsu akwai masu cewa suna da itatuwan da ke maye gurbin sassan dabba, kuma maganar irinsu ta fi taku shiga kunnen 'yan'uwansu. Gidauniyar kare namun daji da muhalli ta Najeriya, wato NCF, ta yi shekaru tana irin wannan zama da masu magani a Najeriya, ku neme su. Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar ungulu ta duniya, ta ishe ku dalilin tara 'yan makaranta.

Wannan ya kawo mu ga rabin tambayarka na biyu, amfanin jama'a. Ka dubi maƙwabtanmu. A yankin Kure, tsakanin Dosso da Yamai, raƙuman dawa na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma suke. A 1996 guda 49 suka rage. Yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Ba shinge aka yi musu ba, a cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin waken manoma da mangwaronsu. Abin da ya sa aka bar su shi ne mutanen ƙauyukan sun ga rijiya, sun ga rance, 'ya'yansu sun zama masu yi wa baƙi jagora. Sai dai harin da aka kai wurin a watan Agustan 2020, wanda ya kashe mutum takwas, ya tsayar da zuwan baƙi. Darasin da ke ciki gare ku shi ne kada ku gina lissafinku a kan Turawa masu yawon buɗe ido. Mutanen Wamakko da Dundaye da Kalambaina su ne baƙinku, su ne kuma masu gadinku.

Saboda haka kuɗin abincin dabbobi ya tsaya a unguwa. Harawa da ƙaiƙayi da dusa da 'ya'yan gawo a saye su wurin maƙwabta, a san wa ke kawo me a wane wata. Zana da bunun rumfa a ba masu saƙa na ƙauyen. In kun haƙa rijiyar burtsatse, ku fitar da famfo ɗaya wajen katanga, domin ba zai yiwu kada yana iyo a ciki mata suna tafiya nesa ɗibar ruwa a waje ba, kuma duk gidan da ya yi haka ya sayi gaba da kuɗinsa. Ma'aikatanku na farko ku neme su ta hannun Sarkin Baka. Tsohon maharbi ya san sawun kowace dabba, ya san abin da take ci a kowane wata, ya san ciwo a idonta tun kafin likita ya iso. In ya samu albashi a kan rayar da ita, kun rage mai farauta ɗaya kun sami malami. Ku ware rana ɗaya a wata da likita zai zo ya duba awaki da tumakin unguwa ya yi wa karnuka rigakafi. Wannan taimako ne gare su, kariya ce kuma ga dabbobinku, tunda cutar da ke garken maƙwabci ba ta san katanga ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan kusa da ku, da tsangayar likitancin dabbobi da asibitinta da ɗaliban gandun daji masu neman wurin gwaji.

Hana kamu na wani lokaci don abu ya hayayyafa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A Argungu ana rufe Matan Fada ga masunta har sai lokacin biki, Sarkin Ruwa ke tsaron wannan doka, kuma shi ya sa ake fito da manyan kifaye. Addini ma ya riga kowa. Aya ta 38 a Suratul An'am ta gaya mana cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummai ne irinmu. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, yana cikin Buhari da Muslim. Ku roƙi limamai su taɓo wannan a huɗuba. Amma ku sani hadisin nan ku ya fara shafa kafin kowa, ku da za ku riƙe makullin keji.

Yara kuma kada a tsaya a nuna musu dabba su yi ihu su wuce. A kawo 'yan firamare da 'yan Islamiyya da almajirai aji-aji, ranar da ba cunkoso, kyauta ko da ɗan abin da ba zai gagara ba. A koya musu bambanta kububuwa da kasa da gamsheƙa daga macizan da ba su da dafi, da cewa wanda maciji ya sara asibiti ake kai shi da gaggawa, ba a tsaga wurin ba a ɗaure shi tamau. A nuna musu ƙashin ɓerayen da mujiya ta amayar, su ƙirga da hannunsu, su ga abin da take yi wa rumbun babansu. Yaron da ya ga haka zai yi tunani kafin ya ɗaga danƙo.

Zafin garin nan shi ne zai fara gwada ku. Daga Maris zuwa Mayu sau da yawa ana haura digiri 40. Rufin kwano a kan daɓen siminti kisa ne. Rairayi a ƙasa, bunu a sama, inuwar itace ta gaske, da wurin da dabba za ta ɓuya in ba ta son a gan ta. Ku dasa gawo, wanda ke fitar da ganye da rani lokacin da sauran suka zubar, da aduwa da magarya da bagaruwa, tun kafin dabba ta farko ta iso. Tankin ruwa ya zama biyu, domin ranar da famfon sola ya lalace a watan Afrilu ba a jira sai gobe. Duk sabuwar dabba ta yi aƙalla kwana 30 a keɓe, nesa da sauran, da kwanonta da tsintsiyarta daban. Murar tsuntsaye tana ƙasar nan tun 2006, don haka kajin da suka mutu a gona ba abincin da za a karɓa ba ne ko kyauta ne. Biri yana ɗaukar tarin fuka daga mutum, mutum ma yana ɗauka daga gare shi.

Ranar Sallah za ku samu kuɗin da ba ku samu a wata uku ba, kuma ranar ce dabbobi suka fi shan wuya. A ƙayyade yawan masu shiga a lokaci guda. A sa shinge na biyu tsakanin hannun yaro da keji. Ba jifa, ba tsokana da kara, ba miƙa biskit da leda, domin ledar da jimina ko barewa ta haɗiye a cikinta take zama har ta kashe ta. Masu kiɗa da lasifika su tsaya can bakin ƙofa. Kuma kuɗin Sallah a raba shi gida goma sha biyu tun a daren, a fara cire abinci da albashi da magani kafin a yi maganar fenti.

Kafin komai ku je Ma'aikatar Muhalli ta jiha, sashen gandun daji, ku nemi izini a rubuce, ku kuma sanar da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli. Sannan ku sayi babban littafi mai ƙwari. Kowace dabba da shafinta: ranar da ta zo, daga wane gari, wa ya kawo ta, nauyinta, abin da take ci, ciwon da ta yi, wa ta haifa da wa. Ba don ado ba. Kunkurun da ba a san asalinsa ba, ko wanda ya zauna da masu majina, ba a sakinsa a daji, domin zai kai wa na can cuta. Sakin ma ba yanzu ba ne, tunda dajin Gundumi da dazuzzukan gabashin jihar ba su shiguwa saboda rashin tsaro, kuma wanda aka saka inda ba mai gadi kasuwa zai koma. Abin da za ku iya nema a shekarun farko shi ne hurumi ƙarami kusa da ku, da yardar uban ƙasa da ardo da masu gonakin gefe, inda ba sara ba kiwo ba farauta. In ciyawa ta dawo a wurin damina biyu a jere, sai a fara da matasan kunkuru 'yan kaɗan waɗanda ƙoƙonsu ya yi ƙwarin da dila ba zai fasa ba, a yi wa kowanne lamba a baya, a sa maharbin nan naku ya riƙa bin sawunsu yana kawo rahoto duk mako.